Ƙanina mai sikila ya koma zanen launi zalla tun da aka sallamo shi, in damu ko in ƙyale shi?

Maman_Afnan

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin zane da ma'aikatan lafiya ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai kwana biyu.

Autanmu sikila gare shi, yana karatun zane a jami'a, kuma tun yana ƙarami Allah ya ba shi hannu, in ya zana maka mutum sai ka rantse zai yi magana, har 'yan unguwa kan kawo masa hoton iyayensu ya zana musu su ɗan ba shi na kati. To da hunturun da ya wuce ciwon ya tashi masa, irin tashin da ba mu taɓa gani ba, aka ba shi gado har da ƙarin jini, ni da Umma muka yi ta karɓa-karɓa wurin jinya. Alhamdulillahi an sallamo shi, amma tun da ya dawo ya daina zana mutane kwata-kwata. Yanzu sai dai ya shimfiɗa kwali ko ƙyalle a ƙasa, yana daga zaune don ba ya iya doguwar tsayuwa, ya yi ta shafa fenti, toka-toka a sama baƙi a ƙasa, wani lokacin wani siririn layi ja ya ratso ta gefe, shi kenan fa. Ba mutum ba bishiya ba gida. Na ce masa auta wannan kuma mene ne, ya ce "Yaya, ƙarfe ukun dare ne a ɗakin maza." Na ce to ina gadon ina nas ɗin, ya yi dariya kawai ya ci gaba da abinsa.

Umma ta ce ɓarnar fenti ce ga tsadarsa, babban yayanmu ya ce a ƙyale shi kasala ce za ta wuce. Ni abin da ya ɗaga min hankali wata ƙawata ce ta ga hoton a wayata ta ce wai ta taɓa karanta labarin wani Bature da ya koma zanen baƙi da toka irin wannan daga ƙarshe ya kashe kansa, wlh tun ranar nake leƙa ɗakinsa da daddare.

Tambayata biyu ce. Wannan zane ne na gaske da ake koyarwa ko gajiya ce ta sa ya kasa yin wanda ya iya? Sannan alama ce ta ciwon damuwa?

Dan_Samaru

Wa alaikumus salam Maman Afnan, Allah ya ƙara masa lafiya ya ba ku ladan jinya. Zane na karanta a Zariya, bari in faɗi abin da na sani, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Eh zane ne na gaske, abstrak ake ce masa, wato zanen da ba ya kwaikwayon siffar abin da ido ya saba gani, launi da layi da girman abin da yadda aka shafa fentin su ne ke yin maganar. Ya haura shekara ɗari ana yinsa a Turai tun zamanin su Kandinsky mai zane ɗan Rasha, kuma ana koyar da shi, a nan Zariya ma marigayi Gani Odutokun da ya koyar a ABU har zuwa rasuwarsa a haɗarin mota a 1995 ya yi suna wajen zuba fenti mai ruwa-ruwa ya bar shi ya gangara a jikin ƙyalle. Kuma mu ɗin nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, adon bangon gidajen Zariya da Kano, aikin hula, aska takwas a babbar riga, zayyanar allo, ba wanda ya taɓa tare magini ko maɗinki ya ce masa ina mutumin yake a ciki.

Baturen da ƙawarki take nufi na tabbata Mark Rothko ne. An haife shi a 1903 a wani gari da yanzu yake ƙasar Latbiya, yana ɗan shekara 10 suka yi ƙaura zuwa Amurka. Tun wajen 1949 aikinsa kenan, manya-manyan ƙyallaye da suka fi mutum tsayi, launi biyu ko uku a jere wani bisa wani, gefensu a dishe-dishe. A farkon 1968 babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta kumbura masa, likita ya hana shi yin aikin da ya wuce yadi ɗaya a tsayi, sai ya koma takarda da fentin akirilik mai saurin bushewa. Shigowar 1969 suka rabu da matarsa ya koma kwana a ɗakin aikinsa shi kaɗai, ga sigari ga giya ga magunguna, a lokacin ne ya yi jerin zanukan nan na baƙi a sama toka a ƙasa. Ranar 25 ga Fabrairu 1970 aka tarar ya kashe kansa. Duk wannan gaskiya ne ƙawarki ba ta yi ƙarya ba.

Amma akwai ragowar labarin da ba a cika faɗa ba. A daidai wannan lokacin ya yi wasu zanukan a takarda masu ruwan hoda da shuɗi mai haske, kuma cikin na ƙarshe-ƙarshen da ya bari akwai wanda ja ne jawur. Sannan duhun launin nan ya fara shi tun shekaru kafin ciwon, tun ƙarshen shekarun 1950. Mutumin yana da ciwon damuwa da aka san da shi, yana zaune ba kowa, wannan shi ne abin tsoron, launin toka shi kaɗai ba ya nuna komai. Mutane ne dai suke son labari mai sauƙi, ya yi baƙin zane ya mutu, shi kenan an gama.

Abu ɗaya da zan so ki riƙe game da shi. Ya taɓa cewa yana yin zanen da girma ne don ya kusanci mai kallo, ba don burga ba, har yana so a tsaya dab da shi, kusan inci 18 tsakani, yadda launin zai cika maka ido gaba ɗaya. Ya kuma ce shi ba haɗin launi ne ya dame shi ba, abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam yake bi, kuma masu fashewa da kuka a gaban zanensa suna jin abin da ya ji ne lokacin da yake yi. Akwai wani ɗaki a Houston ta jihar Texas da aka buɗe a 1971 bayan mutuwarsa, mai kusurwa takwas, zanukansa 14 ne a bango duk masu duhu, sai bencina a tsakiya, ba na wani addini ɗaya ba ne, kowa shiga yake ya zauna shiru, da yawa masu makoki ne ko masu fama da ciwo. Ni a wurina kallon irin wannan zanen kamar zuwa dubiya ne, ba a tambayar mara lafiya ya yi maka bayanin ciwonsa dalla-dalla, ka yi sannu ka samu wuri ka zauna, zaman shi ne abin. To ki gwada, ki jingina zanen a bango ki zauna kusa da shi ki ɗan jima, kar ki nemi gado ko nas a ciki. Ke ma ai kin kwana a ɗakin asibitin nan.

Baban_Khalifa

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Amma ni fa kun san ba na rufa-rufa, Dan Samaru duk wannan dogon turancin da ka juye mana bai shige ni ba. Wannan Rothko ɗin ba shi ne aka sayar da zanensa a New York a 2012 kan dala miliyan 86 da ɗoriya ba, lemo da ja da rawaya kawai? Na ga hoton wlh, Khalifa ɗan aji biyu in ka ba shi buroshin fentin gida zai yi maka shi kafin la'asar. Harkar masu kuɗi ce kawai suna juya dukiyarsu.

Kuma ga tambaya, da yaron bai ce ƙarfe ukun dare ne a asibiti ba wa zai sani? Da ya ce hadarin damina ne haka za mu ce eh lallai hadari ne. Kenan bakinsa ne ya yi aikin ba buroshin ba.

Hajiya shawarata ki lallaɓa shi ya koma zanen mutane da Allah ya ba shi baiwarsa, shi ne mai kawo kuɗi, mai sikila kuwa kullum cikin sayen magani yake. Wancan ya riƙa yi a gefe in ya ga dama.

Nas_mai_kwanan_dare

Anti sannu da ƙoƙari, jinyar mai sikila sai wanda ya yi. Ni ban san zane ba, nas ce, ta ɓangarena zan yi magana.

Maganar kasala da yayanku ya yi dan Allah a daina faɗa a gabansa. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kusan kwana 120 kafin su mutu, na mai sikila 10 zuwa 20 suke yi, kullum jikinsa cikin biyan bashi yake, ko ba ya kwance jininsa bai kai na sauran mutane ba balle wanda bai daɗe da tashi daga babban ciwo ba. Zana fuskar mutum kuwa na san aiki ne na sa ido da tsayar da hannu na awowi, ba mamaki jikin bai kai nan ba tukuna. Amma kasa yin wancan daban, kuma abin da yake yi yanzu ya zama shirme daban.

Baban Khalifa ka ce da bai faɗa ba wa zai sani. Ni da na karanta bayanin Anti tun kafin in kai inda ya ba ta amsa gabana ya faɗi, don na san wannan launin. Ƙarfe uku an kashe fitilun ɗaki sai ta teburinmu, silin ya koma toka-toka, ƙasa baƙi ƙirin masu jinya sun baje a tabarmi tsakanin gadaje sai ka bi a hankali kar ka taka hannun wani, fanka na juyawa in da wuta, can ƙurya wani na nishi ƙasa-ƙasa don kar ya tashi mutane. Wanda yake kwance rigingine ciwo ya hana shi barci abin da yake gani kenan, sama da ƙasa, ba ya ganin gadon da yake kai. Jan layin nan kuma ban ce shi ne ba, amma wanda aka yi wa ƙarin jini ya kwana yana kallon siririyar robar nan ja ta sauko daga leda zuwa hannunsa.

Kullum muna tambayar marasa lafiya daga 1 zuwa 10 nawa ciwon yake, masu sikila da yawa kallonka kawai suke yi, in sun ce 10 ma wani ma'aikacin ya ce ai ga shi yana danna waya, allura kawai yake so. Wannan rashin yardar yana cinsu fiye da yadda ake zato. Ciwon ƙashi ba a ganinsa a fuska ba a ganinsa a fata, to in yaro ya samu hanyar da zai fitar da shi waje a gani ni ban ga aibu ba.

Zancen damuwa kuma, gaskiya tana yawan kama masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum, don haka tsoronki ba hauka ba ne. Sai dai ba a fenti za ki duba ba. Ki duba yana cin abinci? Yana barci, ko ya koma kwana zaune ko wuni kwance? Ya yanke abokansa? Ya daina shan maganinsa? Yana rabar da kayansa masu muhimmanci, yana maganar ya zame muku nauyi ko gara ya huta? In kin ga irin waɗannan, musamman na ƙarshen, ki tambaye shi kai tsaye ba kwana-kwana ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sannan ku gaya wa likitansa na kilinik ya haɗa ku da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Amma yaron da yake tashi ya haɗa fenti ya nuna miki har ya yi miki dariya, wannan a wurina alama ce mai kyau. Leƙen daren dai ki rage, zai gane kuma zai takura.

Dan_Samaru

Baban Khalifa maganar kuɗin nan ban musa maka ba, kasuwar zane akwai hauka a cikinta, kuma ba aljihun mai zanen kuɗin suka shiga ba, ya shekara 42 da mutuwa lokacin. Shi kansa a 1958 an ba shi kwangilar zanukan wani gidan cin abinci na attajirai a ginin Seagram da ke New York, ya yi aikin, ya je ya ci abinci a wurin ya ga irin mutanen da za su zauna a ƙarƙashinsu suna hira, ya maida kuɗin ya riƙe kayansa. Guda 9 daga ciki ya ba gidan tarihin Tate na Landan kyauta, suka isa can a ranar da ya mutu. Batun Khalifa kuma a waya ka gani, hoto ɗan tafin hannu, shi kuwa fentin siriri-siriri ake shafa shi shafi bisa shafi har na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama, a ba Khalifa buroshin mu gani.

Amma abin da nas ta faɗa ne ya dawo da ni. Ciwo yana canza hannun mai zane, wannan ba sabon abu ba ne. Paul Klee ya kamu da wata cuta mai sa fata ta yi tauri a 1935, har haɗiyar abinci ta koma yi masa wuya. A 1936 aiki 25 kacal ya iya yi, mutumin da ya saba yin ɗaruruwa. A 1939 kuma ya yi sama da 1,200 a shekara ɗaya, sai dai ba irin na da ba, ƙananan layukan nan masu laushi sun tafi sai kauri-kaurin baƙaƙen layuka, wani a kan buhu wani a kan jarida. Ya rasu 1940. Sam Francis shi a gadon asibiti ma ya fara zane, ya ji ciwo a ƙashin baya wurin koyon tuƙin jirgin soja a 1943 tarin fuka ya shiga ƙashin, ya shekara da shekaru a kwance, a ƙarshen rayuwarsa kuma da hannun dama ya daina aiki ya koma na hagu ya yi ƙanana kusan 150.

Wanda na fi so Maman Afnan ta ji shi ne Matisse na Faransa. An yi masa babban aiki a ciki a 1941 yana da shekara 71, daga nan rayuwa ta koma tsakanin gado da keken guragu, tsayuwa gaban allon zane ta gagara. Sai ya sa mataimakansa su riƙa shafe manyan takardu da fenti, kowace da launinta, shi kuma yana zaune da almakashi yana yankawa, su ɗauka su hau tsani su maƙala a bango da fil, yana cewa a ɗaga sama kaɗan, a karkata hagu, a cire a dawo da shi gobe. Akwai wanda ya yi a 1953 saura shekara ɗaya ya rasu, kusan mita uku ne tsawo da faɗi, yankakkun launuka ne kawai suna zagaye, yana Tate yanzu. Hannu nawa ne a cikin wannan aikin? Kuma wata yarinya da ta zo yi masa jinyar dare a 1942, Monique Bourgeois, daga baya ta zama sista ta coci, zumuncinsu bai yanke ba, ta dalilinta ya tsara wani ɗan ƙaramin coci a garin Vence da aka buɗe a 1951, tagogi da bango da komai. Mai jinya ce fa. Shi ya sa nake ganin Maman Afnan tana da wuri a cikin abin nan in tana so, ko wanke buroshi ne ko riƙe masa kwali.

Tsohon_dalibin_Khartum

Salam. Duk Turawa kuke ta kawowa, ga namu nan kusa Musulmi ɗan malam. Ibrahim El-Salahi, an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, kuma daga rubutun Larabci da zayyanar allon nan ya ciro salonsa bayan ya dawo daga karatu a Landan. Lokacin da nake karatu a Sudan ba mai maganar zane da ba zai ambace shi ba. Ya taɓa alaƙa da ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari a Ibadan a shekarun 1960, kuma a 2013 gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi wa haka.

A 1975 gwamnatin Numairi ta kulle shi a kurkukun Kobar wata shida da ɗoriya ba shari'a bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. An hana su takarda, sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai yana binnewa a rairayi in mai gadi ya taho. Daga nan ya koyi fara aiki da ɗan ƙaramin abu ya yi ta girma.

Inda ya shafi ƙaninki Hajiya shi ne tsufansa a Oxford ta Ingila. Ciwon baya da na jijiyar ƙafa suka sa shi gaba, ga cutar karkarwa, babban aiki ya gagara, sai daga wajen 2016 ya koma zane yana zaune a kujera da alƙalami, a kan me? A kan kwalayen maganin da yake sha. Ya shanye magani ya warware kwalin ya juya cikinsa ya cika shi da layuka, wani a bayan ambulan, har kana ganin lanƙwasar kwalin da tambarin kantin magani a jiki. Ya yi ɗaruruwa, an baje su a New York a 2022, wasu kuma an faɗaɗa su an buga a manyan ƙyallaye da taimakon wasu tunda shi ba zai iya ba. Ya bayyana cewa in ya nutsa cikin zanen hankalinsa yana barin ciwon na ɗan lokaci. Ba duka ne abstrak zalla ba gaskiya, za ka ga fuska ta leƙo ko bishiya ko harafi, amma ba zanen kamanni ba ne.

Ki nemo hotunansu ki nuna wa auta, na san kwalin magani dai ba ya yanke muku a gida. Kuma ki gaya wa Umma wannan ko fenti ba ya ci, biro ya isa.

Jaruma_SS

Anti ni ma SS ce, ban iya zane ba ko kaɗan amma bari in faɗa miki wani abu da ƙila auta ba zai faɗa ba don yana jin nauyinku.

Ciwon da zafi, amma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne bayani. Ya jiki, da sauƙi. Ina ke miki ciwo, ko'ina. Kamar yaya, ban sani ba. Kowa ya shigo sai ka sake daga farko, kuma dole ka ce da sauƙi ko ba sauƙin don ka ga idon mahaifiyarka ya yi ja, ka san an ranto kuɗin jinin nan, ka san yayarka ta bar 'ya'yanta ta zo ta kwana a ƙasa saboda kai. Sai ka koma kai ne kake lallashin masu jinyarka. Bayan an sallame ka kowa ya yi hamdala an wuce wurin, kai kuwa daren nan yana nan a jikinka ba wanda za ka ba, in ka tayar da zancen a ce ka gode wa Allah mana ai ka warke. Ka gode ɗin, amma yana nan.

To shi ya samu inda zai ajiye nasa. Kuma da ya ce miki ƙarfe ukun dare ne a ɗakin maza, ni a ganina ba da kowa zai yi wannan maganar ba, ke ya gaya wa don ke kina wurin, ƙila ma yana kallonki kina barci a tabarma shi idonsa biyu bai tashe ki ba. Ni na sha yin haka da tawa yayar.

Kar ki ce masa ya yi kyau in ba ki ga kyan ba, muna gane yabon tausayi daga nesa. Ki ce masa kawai kin tuna daren. Ko ki tambaye shi akwai na asuba, lokacin da masu shayi suka fara buɗewa a bakin get ana kiran salla, don ni dai a nan ne nake sanin na tsallake.

Baban Khalifa zai koma zanen mutane in jikinsa ya dawo in sha Allah, ba a mantawa da baiwa. Kuɗin magani kuma Allah ya hore.

Maman_Afnan

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Jaruma kin sa ni hawaye wlh, Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya. Nas abubuwan da kika lissafa na duba, yana ci yana shan magani abokansa na zuwa, barcin ne dai har yanzu bai daidaita ba, zan faɗa wa likitansa ranar kilinik. Na nuna masa na ɗan Sudan ɗin, ashe ya san shi an koyar da su, ya ce in daina zubar da kwalayen.

Wata tambayar kuma, fentin da yake amfani da shi yana da wari sosai har da wani ruwa da yake wanke buroshi mai kamar kananzir, kuma ɗakin a rufe yake yi saboda sanyi. Ba matsala ga mai irin ciwonsa?

Dan_Samaru

Fentin mai ne kenan da tafentain. Ko mai lafiya ba a so ya wuni yana shaƙarsa a rufaffen ɗaki, yana sa ciwon kai da jiri. Ya koma akirilik ko fentin ruwa tukuna, da ruwa ake wanke su ba wari sosai, kuma a kwali ma sun fi zama. In malamansa sun dage sai na mai to ya yi a baranda da rana in gari ya ɗumama, ya sa rigar sanyi, ya sa tabarma ko katifa a ƙarƙashinsa kar ya zauna a kan siminti, gorar ruwan sha a gefe don in aiki ya ci mutum mantawa yake. Sauran nas ta fi ni sani.